Motar Ofis, Kuɗin Sufuri da Alawus na Tafiya: Yadda Haraji Ke Hawa Kansu da Yadda Za Ka Lissafa Naka

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin zirga-zirga ya zama abin da ma'aikaci ke fara tambaya kafin ma ya tambayi gundarin albashi. Ma'aikatu da kamfanoni da ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Sakkwato kowa ya nemi hanyar rage wa mutanensa raɗaɗi. Wannan ya ƙara kuɗin sufuri a albashi, wancan ya ba da katin shan mai, wasu suka raba babura ga masu shiga ƙauyuka, manyan ma'aikata kuma aka haɗa su da mota da direba. Duk alheri ne. Sai dai abin da ba a cika zaunar da ma'aikaci a yi masa bayani ba shi ne, a wajen dokar haraji waɗannan abubuwa ba ɗaya ba ne. Wani ana cire masa haraji gaba ɗayansa, wani ba a taɓa ko kwabo a cikinsa, wani kuma ƙima ake yi masa a ɗora a kan albashinka, ko da naira ɗaya ba ta shiga asusunka ba.

Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce sabuwar Dokar Haraji ta Najeriya, ɗaya daga cikin dokoki huɗu da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, ita kuma ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. Ta sauya matakan haraji, ta soke wani babban rangwame, amma ƙa'idar da ke ƙarƙashin zancen mota da tafiya tana nan yadda aka gaje ta daga tsohuwar dokar harajin ɗaiɗaikun mutane. Duk abin da ma'aikaci ya samu saboda aikinsa, albashi ne ko alawus ko garaɓasa ko wata moriya, samu ne kuma akwai haraji a kansa, in ban da kuɗin da aka biya shi don abin da ya kashe wajen gudanar da aikin, wanda ba a nufin ya ci riba a ciki. Saboda haka tambaya ɗaya za ka riƙa yi wa kowane kuɗi da kowace mota: wa ya amfana, aikin ko kai? Sunan da aka rubuta a takardar albashi ba ya amsa wannan tambaya. Takardun shaida ne ke amsa ta.

Mataki na farko: tattara takardunka ka raba abin da ake ba ka

Ka nemo takardar ɗaukar aiki, da takardar albashi ta wata uku na baya-bayan nan, da duk wata wasiƙa da aka ba ka ranar da aka damƙa maka mota ko babur ko katin mai. Idan ma'aikatarku ba ta bayar da takardar albashi sai dai saƙon banki, ka je wurin akanta ka roƙi a buga maka. Ba za ka iya duba lissafin da ba ka gani ba.

Sai ka ware abin da ke shigowa kowane wata, ko ka yi tafiya ko ba ka yi ba. Ka ware abin da ba ya zuwa sai an tura ka wani wuri. Ka ware kuma abin da ba kuɗi ba ne, wato mota, babur, direba, mai, gyara. Kowane rukuni da hukuncinsa.

Mataki na biyu: kuɗin sufuri na wata-wata

Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Kuɗin sufuri da ake sa wa a albashi kowane wata albashi ne, ana haɗa shi da sauran a cire haraji. Ko an kira shi kuɗin mai, ko kuɗin gyaran mota, ko tallafin zirga-zirga, muddin adadi ne tsayayye da ke faɗawa asusunka ba tare da an tambaye ka rasit ba, hukuncinsa ɗaya. Zuwa ofis daga gida da komawa ba a lissafa shi cikin gudanar da aiki. Mai fitowa daga Arkilla ko Mabera kowace safiya a kan kabu-kabu, kuɗin da yake kashewa nauyinsa ne na kansa, duk da cewa ba don aikin ba da bai fito ba. Abin da ciwo, musamman ga ƙananan ma'aikata, amma haka dokar take.

Akwai dalilin da ya sa tsofaffin akawu da yawa ke rantsuwa cewa ba a cire haraji a kuɗin sufuri. A da can gaskiya ne, zuwa wani iyaka. Kafin gyaran da aka yi wa dokar a 2011, ana yafe har naira 20,000 a shekara na kuɗin sufuri, da wasu adadi na kuɗin haya da abinci da hutu. Gyaran 2011 ya share waɗannan ya kawo dunƙulallen rangwame guda: naira 200,000 ko kashi 1 cikin 100 na samu, duk wanda ya fi yawa, da ƙarin kashi 20 cikin 100. Shi ma wannan dokar 2025 ta soke shi. Wanda ke tsara albashi har yau da tunanin cewa idan ya kumbura kuɗin sufuri ya tsuke gundarin albashi zai rage haraji, yana aiki ne da dokar da ta daɗe da wucewa.

Abu ɗaya mai daɗi a nan: ga wanda ke cikin tsarin fansho na karo-karo, Dokar Fansho ta 2014 ta sa kuɗin sufuri cikin abin da ake lissafa gudummawa a kai, tare da gundarin albashi da kuɗin gida. Kai kana sa aƙalla kashi 8 cikin 100, ma'aikata na sa aƙalla kashi 10. Kashi 8 ɗin naka ana cire shi kafin a lissafa haraji. Ka duba ko an sa kuɗin sufurinka a wannan lissafi, don wasu wuraren a kan gundarin albashi kaɗai suke yi, ma'aikaci ya yi asarar fansho kuma ya biya harajin da ya fi.

Mataki na uku: tafiyar aiki

An tura ka Illela duba kaya a bakin iyaka, ko Goronyo wajen manoman rani, ko taro a Abuja ka tashi daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III. Kuɗin mota, tikiti, masauki, abinci a hanya, man da ka zuba a motarka don wannan tafiya, duk ba samu ba ne. Kuɗin ma'aikata ne ya bi ta hannunka. Babu haraji a kansu.

Amma ranar da masu binciken haraji suka zo duba littattafan ma'aikata, ba sa tare da kai a hanyar Illela. Abin da suke gani shi ne an tura naira 85,000 asusun ma'aikaci. Idan babu abin da ya nuna dalili, suna da damar ɗaukarsa a matsayin alawus, su ɗora haraji. Don haka kowace tafiya tana bukatar abu uku a fayil. Na farko, takardar izini da shugabanka ya sa wa hannu kafin ka tashi, mai ɗauke da inda za ka, dalili, da ranakun tafiya da dawowa. Na biyu, rasit na duk abin da ke da rasit. Na uku, bayanin yadda ka kashe kuɗin, wanda za ka miƙa bayan ka dawo, tare da canjin da ya rage idan adibas aka ba ka.

Zancen rasit yana son kulawa a garin nan. Takardar da injin gidan mai ko na'urar POS ke fitarwa siririya ce, zafi ke rubuta ta, zafi kuma ke goge ta. Ka bar ta a aljihun gaban mota a watan Afrilu, kafin mako ya zagayo ta koma fara fat ko ta yi baƙi ƙirin, ba adadi ba kwanan wata. Ka ɗauki hotonta da waya tun kana tsaye a bakin famfo, in ka koma ofis ka yi mata kwafi ka manna ta asali a jikinsa. Inda ba a ba da rasit kuwa, kamar motar haya daga tasha zuwa ƙauye ko mai babur da ya kai ka cikin fadama, ka rubuta da hannunka: rana, daga ina zuwa ina, nawa. Shugabanka ya sa hannu a ƙasa. Takardar da aka rubuta a ranar ta fi wadda aka zauna aka tsara bayan wata shida ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma mai bincike yana gane bambancin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, yaya batun kuɗin kwana, wanda ake ba da adadi tsayayye na kowane dare ba tare da neman rasit ba, irin alawus na tafiyar aiki da ma'aikatan gwamnati suka sani, da takwaransa na fita ƙasar waje? A nan sharaɗin nan na rashin nufin cin riba ne ke aiki. Idan ma'aikata tana da rubutacciyar ƙa'ida da ta ce mai wannan matsayi nawa ne darensa, adadin ya yi daidai da tsadar masauki da abinci, kuma an yi tafiyar da gaske, to biyan ɗawainiya ne. Matsala na farawa ne inda aka mayar da kuɗin kwana hanyar ƙarin albashi ta bayan fage: mutum yana zaune a ofis amma kowane wata ana rubuta masa kwana goma a Gusau, adadi iri ɗaya, wata bayan wata. Wannan albashi ne, kuma idan aka gano, harajin baya duka zai dawo. Ina ganin shugabannin da ke yin haka da niyyar taimako suna jefa mutanensu ne cikin abin da ya fi ƙarfinsu, ga kuma rubuta abin da bai faru ba.

Mai amfani da motarsa don aikin ofis, hanya mafi tsabta ita ce a biya shi bisa kilomita. Ya rubuta lambar da agogon tafiya ya nuna lokacin tashi da lokacin dawowa, a ninka bambancin da ke tsakaninsu da adadin da ma'aikata ta tsayar na kowace kilomita. Idan aka ce a'a, a riƙa ba shi naira 60,000 kowane wata ya ji da kansa, an mayar da shi rukunin da muka wuce, haraji ya hau kan kuɗin duka, ko da kuwa ya ƙone fiye da haka a hanyar Tambuwal.

Mataki na huɗu: mota ko babur a hannunka

Nan ne mutane suka fi shan mamaki. Za ka ji ma'aikaci ya shiga ofishin akanta riƙe da takarda yana cewa, "Ranka shi daɗe, mi as sa albashina ya ragu wanga wata? Ba a ƙara mini komi ba." Akanta ya ce, "Malam, ba a ƙara maka kuɗi ba, amma an ba ka mota." Duka biyun gaskiya suka faɗa.

Fara da tantance wace irin mota ce. Motar da ke kwana a harabar ofis, makullinta na wurin jami'in sufuri, kowa na ɗauka idan aiki ya taso a dawo da ita, ba moriyar kowa ba ce, kayan aiki ce. Motar da ka tafi da ita gida, ka kai yara makaranta, ka je ɗaurin aure Wurno ranar Asabar, ita ce doka ke kallo a matsayin moriya. Kuma ba sai kai ke tuƙi ba. Abin da aka tanadar wa matarka ko 'ya'yanka saboda aikinka, a kanka ake lissafa shi.

Idan motar mallakar ma'aikata ce, ana ɗaukar kashi 5 cikin 100 na kuɗin da aka saye ta a matsayin samunka na shekara. In ba a san kuɗin sayen ba, sai a ɗauki kashi 5 na darajarta a kasuwa a lokacin da aka same ta. Lura da kyau, kuɗin saye ne, ba darajarta ta yau ba, kuma ba ya raguwa don motar ta tsufa. Motar da aka saya naira miliyan 4 shekaru da suka wuce, naira 200,000 ake ɗora maka a shekara, ko da yau za a saye ta ninki uku. Sabuwar da aka sayo naira miliyan 40 kuwa, miliyan 2 ce a kanka kowace shekara. Babur na naira miliyan 1.2 yana kawo naira 60,000. Saboda haka ka tambayi akanta adadin da ke cikin rajistar kadarori, ka ga takardar sayen in da hali. Wasu sukan yi kuskuren amfani da ƙimar da kamfanin inshora ya yi wa motar a bana, ma'aikaci ya biya abin da ba nasa ba.

Idan kuma ma'aikata hayar motar take yi daga wani kamfani, lissafin ya sauya gaba ɗaya. Ba kashi 5 ba ne, kuɗin hayar ne na shekara cif. Motar da ake biya wa naira 300,000 a wata, naira miliyan 3.6 ke hawa kan samunka. Mutum biyu a ofis ɗaya da mota iri ɗaya, ɗaya sayayya ɗaya haya, harajinsu zai yi hannun riga. Kafin ka karɓi makulli, wannan ita ce tambayar farko: tamu ce ko ta haya?

Sai abin da ake kashewa a kan motar. Mai, gyara, albashin direban da ke yi maka hidimar gida, duk kuɗin da ma'aikata ta kashe don moriyarka ana ɗora shi yadda yake, a rage abin da kai ka mayar mata daga aljihunka. Wannan ragin mutane da yawa ba su san da shi ba. Idan ana cire maka wani abu a albashi a matsayin gudummawarka ta mai, dole ya fita daga lissafin.

Man da aka ƙona a kan aiki fa? A nan littafin zirga-zirgar mota ke ceton mutum. Ƙaramin littafi ne da ke zama a cikin motar, kowane shafi da layuka: kwanan wata, lambar agogo a farko, lambar agogo a ƙarshe, inda aka je, dalili, sa hannu. Layi ɗaya zai ce Litinin, 48,210 zuwa 48,395, Sakkwato zuwa Gwadabawa da kewaye, raba kaya ga dillalai. Na ƙasansa ya ce Juma'a, 48,395 zuwa 48,420, gida da masallaci da kasuwa, na kaina. Ka rubuta na kanka da gaskiya, don littafin da babu ko tafiya ɗaya ta gida a cikinsa ba wanda zai yarda da shi. Da wannan littafi ma'aikata ke iya tsayawa gaban masu bincike ta ce ga kason aiki ga kason gida. In babu shi, ba ta da abin kare ka idan suka ɗora kuɗin man duka.

Mataki na biyar: zauna ka yi lissafin

Matakan haraji tun daga Janairu 2026, a kan samun shekara bayan an cire abin da doka ta yarda a cire, su ne:

Naira 800,000 na farko, babu haraji.
Miliyan 2.2 da ke biye, kashi 15 cikin 100.
Miliyan 9 da ke biye, kashi 18.
Miliyan 13 da ke biye, kashi 21.
Miliyan 25 da ke biye, kashi 23.
Abin da ya haura miliyan 50, kashi 25.

Wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wato naira 70,000 a wata, ba ya biyan komai. Abin da ake cirewa kafin lissafi ya haɗa da gudummawar fansho, ta asusun gidaje na ƙasa, ta inshorar lafiya, kuɗin inshorar rai, da sabon rangwamen haya: kashi 20 cikin 100 na hayar gidan da ka biya a shekara, iyakarsa naira 500,000. Wannan na ƙarshen ba ya zuwa da kansa, sai ka bayyana hayar da kake biya.

Mu ɗauki misalin ma'aikacin wani kamfani da ke zaune a Sakkwato, albashinsa naira 400,000 a wata, wato miliyan 4.8 a shekara. Gundari miliyan 2.4, kuɗin gida miliyan 1.2, sufuri 600,000, sauran alawus 600,000. Fanshonsa kashi 8 na miliyan 4.2, ya kama 336,000. Yana biyan haya 600,000, rangwamensa 120,000. Abin da ya rage a yi wa haraji shi ne 4,344,000. Naira 800,000 na farko sun tafi kyauta. Miliyan 2.2 sun kawo 330,000. Ragowar 1,344,000 a kashi 18 sun kawo 241,920. Jimilla 571,920 a shekara, 47,660 a wata. A cikin harajin shekarar, naira 99,360 na kuɗin sufurinsa ne, wato kashi 18 na 552,000 da suka rage bayan an cire kason fansho.

Yanzu a ba shi motar da aka saya miliyan 18. Kashi 5 ya kama 900,000. Da yake ya riga ya shiga matakin kashi 18, ƙarin harajinsa 162,000 ne a shekara, 13,500 a wata. Abin da ake cire masa ya tashi daga 47,660 zuwa 61,160. Ga amsar tambayar da ya kai wa akanta.

A ƙara masa katin mai na 100,000 a wata, miliyan 1.2 a shekara. Idan littafin mota ya nuna kashi 60 na tafiyar aiki ne, kuma aka karɓi wannan rabon, 480,000 ne moriyarsa, harajinsu 86,400. Idan babu littafi aka ɗora duka, harajin 216,000 ne. Bambancin naira 129,600 a shekara, a kan littafin da ba ya cin minti biyu a rana.

Wannan lissafi shi zai taimake ka idan aka ba ka zaɓi tsakanin mota da kuɗi. A ce maimakon motar za a ba shi 150,000 a wata, miliyan 1.8 a shekara. Harajinsu zai kai kimanin 324,000, ninki biyu na harajin motar, kuma saye da gyara da inshora duk sun dawo kansa. Motar haya ta 300,000 a wata kuwa za ta ja masa 648,000 a shekara, 54,000 duk wata. A ganina, ga mai matsakaicin albashi, motar da ma'aikata ta mallaka ita ce mafi sauƙi ta fuskar haraji, ta haya kuma ita ce mafi nauyi. Amma haraji ba shi kaɗai ake dubawa ba. Motar ofis ranar da aiki ya ƙare a ranar ake ajiye makulli, wanda ya karɓi kuɗi ya sayi tasa kuwa da abarsa zai tafi.

Mataki na shida: abubuwan da ke zuwa jefi-jefi

Kuɗin hutu na shekara samu ne, akwai haraji, haka tikitin da aka saya maka kai da iyali don hutu. Idan aka sauya maka wurin aiki daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, abin da ma'aikata ta kashe daidai misali wajen kwashe kayanka ba a lissafa shi moriya.

Rancen sayen mota ba samu ba ne tunda za ka biya. Amma idan aka yafe maka ragowar, abin da aka yafe ya zama samu. Haka idan bayan shekaru aka mallaka maka motar ofis kyauta ko a kan kuɗi kaɗan, ka tambayi akanta tun kafin a sa hannu yadda za a ƙimanta ta da harajin da zai biyo baya, kada ya faɗo maka a wata ɗaya.

Akwai kuma kujerar Makka ko ta Umara da wasu kamfanoni ke ba haziƙan ma'aikata. Niyya ce kyakkyawa, Allah ya saka. Amma bisa ƙa'idar da muka faro da ita, moriya ce da mutum ya samu saboda aikinsa, ba tafiyar aiki ba. Kamfanin da ke son alherinsa ya cika sai ya lissafa harajin ya ɗauke wa ma'aikacin, ya kuma rubuta hakan, don kada alhaji ya dawo ya tarar da rabin albashi.

Mataki na bakwai: tabbatar cewa kuɗin ya isa inda ya dace

Harajin albashi, wanda akantoci ke kira PAYE, na jihar da kake zaune ne, ba jihar da hedikwatar kamfaninku take ba. Mazaunin Sakkwato da ke yi wa kamfanin Legas ko Kano aiki, Hukumar Tara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Sakkwato ce ke da hakkin harajinsa. Ma'aikata ce ke cirewa, ta kai zuwa ranar 10 ga watan da ke biye, sannan zuwa 31 ga Janairu ta miƙa bayanin shekara na kowane ma'aikaci, wanda ya kamata ya nuna har da ƙimar mota da sauran moriya. Kai ma akwai bayanin samunka na shekara da ake so ka miƙa zuwa 31 ga Maris. Hanya mafi sauƙi ta sanin ko abin da ake cire maka yana isa ita ce ka nemi takardar shaidar biyan haraji. Idan hukuma ta ce ba ta ga sunanka ba alhali ana cire maka kowane wata, ka koma wa ma'aikatarku a rubuce, ka ajiye kwafi.

Ga mai kamfani ko akanta da ke karanta wannan, nauyin cirewa a wuyanku yake. Idan ba ku lissafa mota da mai ba aka gano a bincike, ku za a bi bashin harajin, da tara da kuɗin ruwa a kai, kuma ma'aikacin da za ku nema ya mayar wataƙila ya daɗe da barin aiki. Ku rubuta ƙa'idar tafiye-tafiye a takarda, ku raba biyan kuɗin tafiya da biyan albashi, kowane da baucarsa, ku sa littafi a kowace mota, ku ajiye takardun aƙalla shekara 6. Ku kuma sa layin ƙimar mota a takardar albashi ƙarara, don ma'aikaci ya ga inda ƙarin harajin ya fito.

Idan hukuma ta aiko da ƙiyasin da ba ku yarda da shi ba, misali ta mayar da duk kuɗin kwana na shekara albashi, akwai kwana 30 daga ranar da takardar ta iso a rubuta ƙin amincewa, a faɗi dalili, a haɗa da takardun izinin tafiya da rasit da kwafin littafin mota. Kada a bari kwanakin su wuce ana jiran a ga wani a yi magana da baki, don in suka wuce ƙiyasin ya tabbata. Idan ba a daidaita da hukuma ba, sai Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji, wadda reshenta na Arewa maso Yamma ke zama a Kaduna.